Tsohuwar Mota, Sabon Ƙarfe: Wa Ya San Shekarunta?

Akori-kurar Toyota Land Cruiser samfurin 40, wanda aka fara ƙerawa a 1960 aka daina a Japan a 1984, mota ce da aka gina ta yadda za a iya kwance ta har ƙashi. Bodinta a ɗaure yake bisa shasi da noti, don haka bakanike na iya ɗage shi gefe, ya sauke inji da giyabos, ya zare sifirin, ya bar ƙarafa biyu dogaye tsirara a ƙasa. Daga nan sai kankare tsatsa da walda, sai sabon fistin da ringi, sai lagireto da aka ciro daga wata motar da ta riga ta mutu. Bayan watanni ta tashi, tayoyinta huɗu suna ja, tana shirin shiga yashi. Shin ita ce motar da ta shigo garejin?

Tambayar ta girmi mota. Plutarch ya ba da labarin jirgin ruwan Theseus, wanda mutanen Atina suka riƙa musanya ruɓaɓɓun katakansa ɗaya bayan ɗaya, har masana suka rabu a kan ko jirgin na asali ne. A 1655 Thomas Hobbes ya ƙara dagula lissafin: idan wani ya tara tsofaffin katakan ya harhaɗa jirgi na biyu fa? Wanda ya san kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ba zai ɗauki wannan almara ba, domin a can abin da aka cire daga wata mota ba ya kwana a bola. Hukuma kuwa ta huta da gardama, ta ce mota ita ce lambar da aka buga a jikin shasi.

A ganina amsar hukuma ta isa wurin karɓar haraji, amma ba ta isa wurin ɗora rai ba. Motar da ta fito daga masana'anta shekarunta ɗaya ne. Dukkan sassanta tare suka fara tsufa, kuma agogon nisan tafiya na iya faɗin gaskiya a kansu. Wadda aka sake ginawa ba ta da shekaru ɗaya. Injinta ɗan wata shida ne, giyarta ta kusa arba'in, tiyon ruwanta babu wanda ya san ranar haihuwarsa. Fenti ya lulluɓe su duka da launi guda. Tarihin da ya rage mata yana wuri ɗaya tak, wato cikin kan mutumin da ya kwance ta, wanda ya ga tsagar da ke ƙarƙashin walda, ya kuma san notin da ya ɗaure da rabin zare don na gaskiya bai samu ba.

A Amurka ko Ostireliya mutum kan sake gina irin wannan mota don nishaɗin hawan duwatsu a ƙarshen mako, kuma galibi shi ne magini, shi ne direba. In ya yi ha'inci, kansa ya cuta. A hanyar Agadas zuwa Dirku da Bilma, ta cikin Tenere, lamarin dabam ne. Wanda ya ɗaure notin yana gari yana shan shayi, waɗanda za su gwada aikinsa kuwa suna bisa kaya, ɗaruruwan kilomita daga rijiya. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, mafi yawansu mata da yara, a hamadar arewacin Nijar, bayan motocin da suka ɗauko su daga Arlit zuwa Aljeriya sun lalace. Ƙishirwa ce ta kashe su. A irin wannan ƙasa tiyon da ya fashe hukunci ne.

Za a ce an ɗora wa bakanike nauyin da ya fi ƙarfinsa. Mai mota ne ya ce a yi da arha, sabon kaya na asali ya yi tsada ko ya ɓace daga kasuwa, kuma da ba a farfaɗo da tsofaffin motoci ba, da ƙauyuka da yawa sun rasa mai kai musu gero da magani. Duk wannan gaskiya ne, kuma ban ga laifi a sa tsohon ƙarfe ba. Sau da yawa ma tsohon na asali ya fi sabon jabu ƙarko. Laifin yana cikin shiru. Malaman fiƙihu sun daɗe da ba mai saye damar mayar da haja idan ya gano aibin da aka ɓoye masa, sai dai wannan dama tana amfanar wanda ya dawo ne. Fasinjan Tenere bai sayi motar ba, bai ga cikinta ba, ba shi da wanda zai mayar wa.

Saboda haka abin da ake bin magini bai wuce ya fitar da tarihin daga kansa ya miƙa ba: ya ce wa mai mota wannan giyar za ta kai ka Zinder bisa kwalta, amma kada ka ɗora mata mutum talatin ka nufi Dirku. Faɗin haka kan rage kuɗin aiki, wani lokaci ya kori mai motar zuwa garejin maƙwabci, inda za a shafa fenti a yi shiru, motar kuma ta kama hanya da asuba cike da mutane.