Ruwa Kafin Tambaya: Abin da Tafiyar Ƙafa Ke Koyarwa

A Turai da Amurka akwai masu saɓa jaka a baya, da abinci da shimfiɗa, su nausa daji kwana da kwanaki, wai don su gwada ko za su iya rayuwa ba tare da kowa ba. A nan wurinmu in an gan ka haka sai a ce kuɗin mota ne babu. Amma ai fatakenmu sun riga su. Da ƙafa suke zuwa Gwanja sayo goro, wata da watanni, suna yada zango gari-gari.

To wai shin matafiyi da guzurinsa yake tafiya, ko da alherin mutane?

Karon farko da na gwada, mu uku ne, cikin hunturu. Muka tashi daga Ikara muka bar kwalta, muka bi hanyoyin gona zuwa Maƙarfi, daga can sai Hunƙuyi a ƙasar Kudan, kwana huɗu. Ba irin dajin fim ba ne, inda jarumi zai yi ta yawo shaddarsa ko ƙura babu, har ya samu bakin yin waƙa. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino sun ishe mu. Ruwa ne matsalar. Lita guda nauyinta kilo guda ne, don haka babu ƙaton da zai goya ruwan kwana huɗu a kan sauran kayansa. Dole ka yi sallama a ƙofar wanda bai san ka ba. Daga nan duk wani taƙama na “ni ke riƙe da kaina” ya ƙare. Mai rake a fadama ya sara mana, masu dafa mazarƙwaila suka matsa mana wuri kusa da wuta, a ruga aka dama mana fura.

Sai dai kafin a ba mu, akan ɗan tsaya a ƙare wa jakunkunanmu kallo. Kuma, mai karatu, ka ce sun yi laifi? Wanda ya ji yadda ’yan bindiga ke aiko ’yan leƙen asiri ƙauye cikin rigar baƙunta, dole gabansa ya faɗi. Amma mun ga inda zato ke kaiwa: a watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta masu komawa gida Kano, bisa zargin wai masu satar mutane ne. Mun yi kuka a kan wannan, alhali mu ma baƙo na biyowa ta ƙofarmu.

A ganina tsoro ya ba ka damar tambaya, har ma ka hana makwanci a cikin gidanka. Bai ba ka damar hana ruwa ba, balle yanke hukunci. Magabata ba sakarkaru ba ne, su ma sun san ’yan fashi, shi ya sa ba su bar wa mutum ɗaya nauyin baƙo ba. A wani ƙauye kafin Maƙarfi haka aka yi mana: aka miƙo moɗa tukuna, sannan aka haɗa mu da yaro zuwa wurin mai unguwa. Ya tambayi sunayenmu da na iyayenmu da inda muka dosa, ya sa muka buɗe jakunkunan a gaban dattawa, sannan ya ce a share mana zaure.