Hukuncin Cire Abin da Aka Yi Tarayya a Kansa

Malaman fiƙihu sun daɗe suna bambanta abin da mutum ya mallaka shi kaɗai da abin da ya yi tarayya da wasu a cikinsa, domin ikonsa a kan na farko cikakke ne, amma a kan na biyu an ɗaure shi da sharaɗin kada ya cutar da abokan tarayyarsa. Wannan bambanci ya sake bayyana a tsarin Flatpak, wato hanyar girka manhajoji a kwamfutocin Linux wadda Alexander Larsson ya ƙirƙira, aka kuma ba ta wannan suna a 2016. A tsarin, kowace manhaja tana zaune ne a cikin shingenta, ba ta taɓa sauran abin da ke cikin na'ura sai da izini, amma tana dogara da ginshiƙi, wato tarin kayan aikin da manhajoji da yawa ke amfani da su tare, kamar na GNOME ko na KDE.

Idan mutum ya rubuta flatpak uninstall a layin umarni ya haɗa da sunan manhaja, ita kaɗai ce za ta fita, ginshiƙin kuwa yana nan. In ya nemi cire ginshiƙin alhali wata manhaja tana tsaye a kansa, tsarin zai ƙi, ya kuma ambaci masu buƙatarsa. Sai umarnin flatpak uninstall --unused ne ke kwashe ginshiƙan da babu sauran mai dogaro da su. Hausawan Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, waɗanda kakannin wasunsu suka biyo ayarin hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 har aka kafa garin Mai Wurno kusa da Sannar, sun san wannan ƙa'ida daga gona, domin tun da madatsar Sannar ta fara shayar da Jazira a 1925, manomin da ya bar hawasharsa, wato gonar da aka yanka masa, ba shi da hurumin toshe magudanar da maƙwabta ke sha daga gare ta.

Mas'ala ta biyu ita ce ta sawun da abu ke bari bayan tafiyarsa. Bayanan da manhaja ta tara suna zama a wata ma'ajiya dabam, kuma ba sa gogewa sai an ƙara --delete-data da gangan. Hikimar wannan rabuwa a fili take, saboda manhaja ana iya sake sauko da ita daga Flathub, wato rumbun manhajojin Flatpak a intanet, amma rubutu ko lissafin da mutum ya yi da hannunsa ba shi da madadi. Don haka wanda aka ba shi na'ura ya gyara, ya goge bayanan mai ita ba tare da ya tambaye shi ba, ya ci amana ko da nufinsa samar da sarari ne.

Akwai masu ganin cewa barin ginshiƙan da ba a amfani da su almubazzaranci ne, kuma suna da hujja, tunda kowane ɗaya yana iya cin ɗaruruwan megabayit. Sai dai a yanki irin na Dindir, wanda yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya isa gare shi a 2024, inda wuta da intanet suka yi wahalar samu, goge abin da za a buƙata gobe ya fi barinsa asara, shi ya sa umarnin flatpak pin, mai kare ginshiƙi daga shara, yake da muhalli a nan. Hukuncin cirewa yana bin haƙƙi da buƙata ne, kuma wajibi ne mai na'ura ya karanta jerin da tsarin ya nuna masa kafin ya amsa da na'am.