Bakin Buhu

Duk wanda ya taɓa ratsa layin 'yan riɗi a kasuwar Dawanau ya san ba a barin buhu a ɗinke. Mai kaya zai farke bakinsa, ya nannaɗe gefen, ya jawo shi inda haske yake. Mai saye ya cusa hannu, ya ɗebo daga can ciki, ya murza a tafi, ya hura ya ga ko da yashi. In wake ne, ya ɗan ciza ya ji bushewarsa. Kafin a ce "nawa?" rabin ciniki ya ƙare a tafin hannu. Shi dillali iyakarsa ya kawo mutum bakin rumfa, daga nan kaya ke magana.

Bayan kakar bara ɗan ƙanwata, mai tara zoɓo da riɗi daga ƙauyukan Bichi da Tsanyawa, ya same ni a gindin darbejiya rai a ɓace. Ya biya an yi masa shafin intanet, ya kuma zuba kuɗin talla a Facebook.

"Kawu, ana ta dannawa, amma ko mutum ɗaya bai kira ba."

Na ce mu gani. Muka danna a wayata, fuskar ta yi fari fat. Har wani mai amalanke ya zo ya wuce ba ta buɗe ba. Da ta buɗe, sai ga hoton jirgin ruwa da dogon Turanci. Zoɓon kansa sai da muka laluba, lambar waya kuma tana can ƙasa, 'yar ƙarama kamar ƙwayar gero. Abin ya taɓa ni, don na san irin ranar da yaron nan ya sha wajen tara kayan. Talla ta kawo masa baƙi har ƙofa, sun tarar da buhu a ɗinke.

A ƙasarmu gona manne take da gona, hanyar da ke tsakani iyakarta jaki da mangalar taki. Sabis ɗinmu ma haka yake, ga data da tsada. Wanda ya loda wa shafinsa manyan hotuna da bidiyo ya turo tirela ne cikin wannan 'yar hanya. Tun 2018 kamfanin Google ke duba saurin buɗewar shafi a waya wajen jera sakamakon bincike, don haka nauyin nan yana iya tura mutum baya tun ba a gan shi ba.

Sai kuma mai saye na nesa. Zoɓonmu har Meziko ake kai shi, su ma jiƙa shi suke su sha. Ɗan kasuwar can ba shi da halin cusa hannu a buhu, shafin ne tafinsa. Yana son ganin jan zoɓon kusa da kusa, ya san kilo nawa ne buhu, na wace kaka ne, ina siton yake, akwai rajistar CAC ko babu, sannan ya sami wurin da zai taɓa sau ɗaya ya faɗa WhatsApp.

Washegari da hantsi muka shimfiɗa sabuwar tabarma a tsakar gida. Ɗan ƙanwar tawa ya zazzage zoɓo, ya tsince ƙararen, ya durƙusa da wayarsa har sai da jijiyar kowane kunne ta fito a hoto. Sannan ya kira wanda ya yi masa shafin, ya ce a cire jirgin ruwan.