Rabin kadarko na wa ne?

Mu mutanen Madawa da Buza da Keita mun san zaman jiran korama. Idan Majiya ko Tarka ta kawo ruwa da damina, mai jaki da mai mota duk sai su dakata. Wannan hukuncin Allah ne, ba mu da ja. Tambayarmu a kan hanyar da ɗan Adam ya toshe da hannunsa ce.

Kadarkon kogin Isa ya haɗa Gaya ta Nijar da Malanbil ta Benin. A 2005 Kotun Duniya ta raba gardamar iyaka tsakanin ƙasashen biyu, ta ba Nijar tsibirin Lete, ta kuma ce iyaka a bisa kadarko tana bin iyakar da ke cikin ruwa. Ke nan kowace ƙasa tana da yankinta na kadarkon.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, Benin ta rufe ɓangarenta. Da aka ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, Benin ta buɗe, Nijar kuwa ta bar nata a rufe bisa dalilin tsaro. Jama'a suka koma wa kwalekwale, ga tsada, ga hatsari.

To, mallakar rabi tana halatta rufe duka? Malaman fiƙihu sun yi bayanin katangar da ke tsakanin maƙwabta biyu: kowannensu yana da haƙƙi a cikinta, amma ba a yarje masa ya yi abin da zai cuci ɗayan ba. Kadarko ya fi katanga tsanani, domin rabinsa ba ya kai kowa ko'ina. Wanda ya toshe nasa yanki ya kashe amfanin na maƙwabcinsa ba tare da ya taɓa shi ba.

Ba mu raina maganar tsaro ba. Kare rayuka wajibi ne a kan shugaba, kuma lalura tana halatta abin da aka hana. Sai dai ita lalura gwargwadonta ake ɗauka, kuma wanda ya kafa hujja da ita, a Yamai yake ko a Kwatanu, shi za a tambaya ranar hisabi.

Manomin albasa na kwarin Tarka bai yi juyin mulki ba, bai sa takunkumi ba. Albasa kuwa, kowa ya sani, ba ta jure dogon jira cikin buhu a bayan kamyo.