HAƘURI SHI NE SHIRU?

A Sakkwato in yaro ya rasu, maƙwabta su kan cika zaure, mata su cika tsakar gida, kowa na cewa, "Sai haƙuri." Amma bayan kwana uku ko bakwai a kan naɗe tabarmi, kowa ya koma sha'aninsa. Daga nan in uwa ta ambaci sunan ɗanta da hawaye, sai a ce ba ta da dangana. Mun ga haka a 2017, sa'ad da sanƙarau ya ɗauke yara da yawa a ƙasar Sakkwato da Zamfara. To, 'yan'uwa, haƙuri shi ne shiru?

Mu dai mun ce a'a. Haƙuri shi ne mutum ya ɗauki kayansa ba da zargin Allah ba, amma ba a hana a taya shi ɗauka ba. Nana Asma'u 'yar Shehu ta rubuta waƙoƙin makoki domin 'yan'uwanta da su ka rasu, ba wanda ya ce ta rasa dangana. Abokan Ayuba sun kyauta da su ka zauna tare da shi kwana bakwai. Sai da su ka shiga neman laifinsa su ka ɓata. Haka mu ke ɓatawa in mun kira mace mai wabi, gama mun ɗora mata kunya bisa baƙin ciki.

Wa ya fi iya wannan zama? Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. A 1968 yara maza biyu su ka mutu a asibiti ɗaya a birnin Kobentiri ta Ingila. Wani matashin fasto, Simon Stephens, ya haɗa iyayensu, ya ga suna ta'azantar da juna fiye da yadda shi ya iya. A 1969 su ka kafa ƙungiyar Compassionate Friends, watau Abokai Masu Juyayi, har ta bazu zuwa ƙasashe da dama.

Mu ma muna iyawa. Bari Zumuntar Mata ta keɓe rana ɗaya kowane wata domin uwayen da su ka binne 'ya'ya. Dattawa kuma su tara ubanni, gama namiji ya kan haɗiye nasa kuka. A kira yaron da sunansa. Kada a tilasta wa kowa magana, abin da a ka faɗi kuwa ya tsaya a ɗakin.

Kai da ka bi wannan hanya shekarun baya, maƙwabcinka ya shige ta jiya. Tashi ka je, gama zumunta a ƙafa ta ke.