Zumunta a Ƙafa Take

Babu wanda wannan karin magana ke yi wa nauyi kamar mutumin da ya bar gida ya zauna a Ingila ko Amurka. Yana da waya, yana da kuɗin aikawa, amma ranar da aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ana zaman makoki, ba a ganin takalminsa cikin na jama'a.

Ni Kirista ne, Bahaushe, a Kano na tashi, kuma daga nesa na ji labarin shekarun da garin ya sha wuya. Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012 'yan Boko Haram suka afka wa ofisoshin 'yan sanda da na sauran jami'an tsaro, aka rasa rayuka wajen 185. A ƙarshen Afrilun shekarar suka buɗe wa Kiristoci wuta suna tsakiyar sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, har da farfesoshi cikin mamatan. A Maris na 2013 bam ya tashi a tashar motocin New Road da ke Sabon Gari. Sannan ranar 28 ga Nuwamban 2014 masifar ta shiga har cikin ganuwa, Babban Masallacin Juma'a da ke jikin Gidan Rumfa, inda aka hallaka masallata fiye da 100. Na nesa ba ya jin ƙarar. Abin da ya sani shi ne lambar da yake ta kira ba a ɗauka, da daren da ba ya ƙarewa.

A irin wannan dare zuciya takan kawo shawara marar kyau. Takan ce ka gode Allah da ka tsira, ka rufe babin garin nan. Takan kuma sa ka fara ƙirga gawa, namu nawa, nasu nawa. Na ji wannan lissafi a bakin 'yan'uwa a majami'un ƙasar waje, kuma ban yarda da shi ba. Dattijon da aka harbe a sahun salla, mai yiwuwa shi ne ya sayar wa mahaifiyata turmin atamfa a Kantin Kwari. Jininsa bai fi na ɗalibin da aka kashe a Bayero araha ba.

Abin da ke riƙe ni shi ne wani abu da ya faru 'yan kwanaki kafin harin Janairu. An tayar da bam a cocin Madalla ranar Kirsimeti, Boko Haram ta ba 'yan kudu wa'adin barin Arewa, mutanen Sabon Gari sun fara ɗaure kaya. A lokacin zanga-zangar janye tallafin man fetur aka ga Kiristoci sun kewaye Musulmi suna gadinsu har suka idar da salla. Sai wata Lahadi wasu Musulmin Kano suka tashi suka shiga coci-cocin Sabon Gari, suka tsaya gaban jama'a suka ce ku zauna, garinku ne. Da sun so, sanarwa a rediyo ta ishe su. Suka zaɓi su taka.

Zuwan nasu bai hana bam tashi ba, kuma ba zan yi wa kowa daɗin baki a kan haka ba. Amma wanda ya ga baƙon fuska a bakin ƙofar cocinsa ranar da yake tsoron maƙwabcinsa, ba zai ƙara yarda cewa duk birnin maƙiyinsa ne ba. Haka ma da Sarki Muhammadu Sanusi II ya dawo daga tafiya ya shiga masallacin da aka zubar da jini ya ja salla, ƙafarsa ta faɗi abin da jawabi ba zai iya ba.

Bangaskiyarmu ma a kan haka ta ginu. Da Li'azaru ya rasu, Yesu Almasihu bai aika saƙo Betanya ba. Ya taka ya je, duk da almajiransa sun tuna masa cewa ana neman ransa a Yahudiya, ya tsaya da Marta da Maryamu, ya yi kuka tare da su kafin ya kira mamacin. Begen da muke wa'azinsa da ƙura a ƙafa ya iso.

To, wanda teku ta raba shi da Ƙofar Mata fa? Kuɗin magani a aika, waya a buga, waɗannan wajibi ne. Sai dai a kusan kowane babban gari na Turai akwai Bakano Musulmi da ya kwana yana kiran lambar da ba a ɗauka, kamar yadda kai ma ka kwana. Shi ma ba shi da tabarmar da zai zauna a kai, ba shi da mai ce masa ya haƙuri. Gidansa bai fi tafiyar bas ɗaya ba. Ka je ka cire takalmi, ka yi masa gaisuwa yadda ake yi a gida, ka tambayi sunan wanda ya rasa da unguwarsu, in ya kawo ruwa ka sha.