Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata. Wannan gaskiya ce, sai dai ba su gaya mana abin da ke kan matambayin ba bayan an nuna masa hanya ya isa inda za shi. Shin akwai wani hakki da ya rataya a wuyansa game da mutumin da ya tsaya a rana ya yi masa kwatance, ko kuwa da zarar ya ce na gode magana ta ƙare ke nan? Wannan ita ce tambayar da muke so mu tattauna a kanta tare da 'yan'uwa marubuta a wannan fitowa, domin kuwa ta shafe mu kamar yadda ta shafi ɗalibai da malaman jami'a.

Abin da ya tayar da maganar shi ne wata ziyarar ta'aziyya da muka kai Bacirawa, a ƙasar Ungoggo da ke arewa da birnin Kano, bayan an kawar da amfanin gona. Da aka idar da addu'a sai hira ta ɓarke tsakaninmu da wani dattijo manomi a gindin darbejiya. Jin cewa mu ma'abota alƙalami ne sai ya gyara zama ya ce, "'Ya'yan nan, ai 'yan'uwanku 'yan makaranta sun sha zuwa nan da takardu. Wannan ya tambaye ni dami nawa nake samu, wancan ya tambaye ni yawan iyalina, har akwai wanda ya haƙi ƙasar gonata ya ƙulle a leda ya tafi da ita. Ban hana kowa ba. Amma har yau ban ga wanda ya komo ya ce mini, Baba ga abin da muka gano a ƙasar taka ba." Ba da fushi ya faɗa ba, har ma dariya ya yi. Mu ne dai dariyar ta maƙale mana, don mun san har da mu a cikin masu laifin.

A 'yan shekarun nan ana ta kiraye-kirayen a faɗaɗa wa ɗaliban jami'a damar yin bincike da ƙirƙira tun suna matakin digirin farko, maimakon a bar su da haddar abin da malami ya karanto musu. Kiran yana da asali. Tun a 1969 jami'ar MIT ta Amurka ta buɗe wani shiri da ke ba ɗalibin da bai gama digiri ba damar yin bincike kafaɗa da kafaɗa da malaminsa, jami'o'i da yawa kuma suka kwaikwaya. A nan gida muna da asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin asusun harajin ilimi na 1993, kuma yana ba da tallafin bincike. Jami'ar Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, tana da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya tun 1969, wadda ta fito da Ƙamusun Hausa a 2006, sannan a 2012 ta kafa cibiyar nazarin noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwan sama. Ashe ke nan ƙofofi suna nan, abin da ake nema shi ne a ƙara buɗe su ga yara. Muna goyon bayan haka ɗari bisa ɗari. Amma maganar dattijon nan ta nuna mana cewa yawan guga ba shi ne shan ruwa ba. Idan aka ƙara wa rijiya guga goma, kowanne ya ɗebo ya wuce da ruwan wani gari, masu rijiya ba su ƙaru da komai ba sai gajiyar amsa sallama.

Bari mu fara duba rijiyar tukuna, domin wani zai ce mene ne abin bincike a Bacirawa? Ƙasar da ta kewaye birnin Kano, tun daga Ungoggo da Fanisau har Minjibir da Dawakin Tofa, tana cikin yankunan karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Shekara da shekaru ana noma gona ɗaya kowace damina ba tare da an bar ta ta huta ba, amma ba ta daina bayarwa ba. Wannan ba tsautsayi ba ne, ilimi ne. Manomi ya san yadda zai haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, ya san gicci, ya san dalilin da ya sa ba a sare gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya kuma yi tofo da rani lokacin da dabbobi ke neman abinci. Ya san cewa harawa da karmami su ne ke riƙe awaki da tumaki, su kuma su mayar wa gona da taki. Iyayenmu sun ga zamanin da jakuna ke shiga birni da itace, su fito da mangala cike da shara da toka a kai gona. Yau gidaje da filaye suna cinye gonakin nan ɗaya bayan ɗaya, dattawan da suka san sunan kowace irin ƙasa da kowane irin iri kuma suna ta tafiya.

Abin lura shi ne, waɗanda suka fara ɗaukar wannan ilimi da muhimmanci a rubuce baƙi ne. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero, ya fito da rahoto kan ƙasa da jama'ar kewayen Kano tare da abokin aikinsa a 1965. David Norman, a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, ya bi manoman ƙauyukan Zariya gona-gona a shekarun 1960, ya tabbatar da cewa haɗa amfani iri-iri a gona ɗaya, wanda wasu masana ke ɗauka ci baya ne, dabara ce mai riba wadda ke rage hasara idan damina ta yi gardama. Polly Hill ta zauna a Ɓatagarawa ta Katsina ta fito da littafi a 1972, sannan ta zo Ɗorayi ta fito da wani a 1977. Ya mai karatu, Ɗorayi fa a bayan katangar tsohuwar harabar jami'a take. Mace ta taso tun daga Ingila ta zo ta tambayi abin da ke ƙofar gidanmu. Gonakin da ta ƙidaya a can yanzu unguwanni ne.

Ba muna faɗin haka don mu zargi baƙi ba ne. Sun yi aiki, mun kuma amfana. Amma littattafansu da Turanci suke, jikokin waɗanda aka tambaya kaɗan ne suka taɓa ganin ko da bangonsu. Haka labarin Baba ta Karo, wadda ta zauna ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta, littafin ya fito da Turanci a 1954 bayan ta riga mu gidan gaskiya. Idan baƙo yana da uzurin nisa da na harshe, ɗan gida fa, mene ne nasa uzurin?

A ganinmu ciwon guda biyu ne. Na farko raini. Mun tashi da tunanin cewa ilimi abu ne da ke zuwa daga nesa a cikin littafi mai kauri, don haka ɗalibin da ya fito daga Bacirawa yakan ji kunyar ya ce kundin digirinsa a kan rumbun kakansa ya yi shi, ko a kan yadda farashin wake ke hawa da sauka tsakanin gona da kasuwar Dawanau. Ya fi son take mai nauyin suna wanda shi kansa bai damu da amsarsa ba. Na biyu kuwa shi ne mayar da bincike sharaɗin karɓar takarda kawai. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a manyan makarantu akan sami wanda zai ɗauko tsohon kundi ya sauya sunan gari da shekara, ko ya zauna a ɗaki ya cike takardun tambayoyi da hannunsa, yanzu kuma ga intanet da kwamfuta mai harhaɗa magana sun ƙara sauƙaƙa abin. Wanda ya yi haka ya yi ƙarya sau biyu: ya yi wa malaminsa, ya kuma yi wa mutanen da ya sa maganar da ba su faɗa ba a bakinsu. Idan aka zuba kuɗi a kan wannan hali ba a gyara shi ba, ƙaryar kawai za a yi wa sabon bango.

Saboda haka muke cewa bincike amana ne kafin ya zama dama. Duk wanda ya yi sallama a ƙofar wani ya ce ya zo tambaya, to ya ci bashi, bashin kuma kashi uku ne. Akwai bashin gaskiya, wato ya rubuta abin da ya ji ya kuma gani, ko da ya saɓa wa abin da littafi ya ce. Akwai bashin mutunci, wato ya faɗi ko shi wane ne da abin da zai yi da maganar, ya ambaci sunan mai ilimin idan ya yarda, ya kuma rufa asirin da aka ba shi don an ɗauke shi ɗa. Sannan akwai bashin komowa, wanda shi ne aka fi mantawa: ya dawo ya bayyana abin da ya gano da harshen da masu abin ke ji. Malaman zaure sun riga mu sanin wannan ladabi, domin almajirin kirki ba ya karanta littafi sai ya faɗi wurin wanda ya ɗauko shi, ba ya kuma yanke ziyarar malaminsa don ya sauke.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Wani zai ce ɗalibi talaka ne, da ƙyar ya sami kuɗin buga kundi, malami ɗaya kuma yana duba ɗalibai masu yawa, ga yajin aiki kamar na 2022 da ya cinye wata takwas. Haka ne. Don haka ne ma muke son a faɗaɗa tallafin ya kai ga ɗalibai, a kuma sa kuɗin komawa ƙauye a cikin lissafi tun farko. Amma mu tuna, daga jami'a zuwa Bacirawa ba tafiyar kwana ba ce, taƙaita sakamako a shafi biyu na Hausa kuma ba ya cin kuɗin da ɗaurin kundi ke ci. Wani kuma zai ce ilimi don ilimi ake nemansa, ba dole sai ya amfani wani nan take ba. Mun yarda. Ba mu ce kowane bincike sai ya ƙara dami a rumbu ba. Dattijon nan bai nemi taki ko kuɗi ba, labari ya nema. So yake a ɗauke shi abokin tunani, ba wurin ɗiban ƙasa ba. Na uku zai ce ba duk abin da manomi ya faɗa ne daidai ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne babban dalilin komowa, domin idan awo ya nuna ya yi kuskure ya cancanci ya sani, idan kuma ɗalibin ne ya fahimta a karkace, wa zai gyara masa in ba mai gonar ba?

Kada mu marubuta mu ɗauka wannan wa'azi na 'yan jami'a ne kaɗai. Mu ma guga ne. Muna ɗibar karin magana da habaici da tatsuniya daga bakin iyaye mata, muna ƙawata littattafanmu da su, amma sau nawa muka zauna da manomi ko maƙeri ko mai ƙosai kafin mu sa shi a labari? Littattafanmu cike suke da manyan gidaje da motoci, idan kuwa baƙauye ya fito, to abin dariya ne. Ƙirƙira ba ta hana bincike, ita ma tambaya ce ta wata fuska. Marubucin da ya kwana uku yana sauraron yadda 'yan'uwa ke raba gonar gado har ta koma ba ta isa kowa, sannan dillalin fili ya zo da kuɗi a hannu, ya sami labarin da ya fi ƙarfin duk wanda zai ƙago a kan katifa.

Akwai misali da ya kamata mu duba. Daga 1937 zuwa 1939, a ƙasar Ayalan maƙwabciyar Ingila, an sa yaran firamare fiye da 50,000 daga makarantu kusan 5,000 su je su tambayi iyaye da kakanni da maƙwabta, su rubuto tatsuniyoyi da sana'o'i da magunguna da tarihin garuruwansu, tare da sunayen waɗanda suka ba su. Ana nan ana adana littattafan, yau kuma jikoki na iya buɗewa su karanta abin da kakanninsu suka faɗa. In yaran firamare sun iya wannan da alƙalami da littafin rubutu, ɗaliban jami'a sun fi ƙarfinsa, musamman 'yan mata da za su iya shiga cikin gida inda namiji ba ya shiga.

Shawararmu ga hukumomin jami'a ita ce, duk ɗalibin da ya yi bincike a cikin jama'a a nemi ya haɗa da taƙaitawa da harshensu, ya kuma kai musu kafin a sa masa hannu. Mu kuma a ƙungiyance muna iya ware shafuka a wannan mujalla don irin waɗannan taƙaitawa, mu taimaka wajen gyara Hausarsu, mu haɗa matasan marubuta da ɗalibai su fita tare. Mun yi wa dattijon Bacirawa alƙawarin za mu koma mu karanta masa wannan rubutu, ya ji abin da muka yi da maganarsa, ya gyara mana inda muka kauce. Allah Ya ba mu ikon cikawa tun yana raye, Ya kuma sa mu zama gugan da ke shayar da masu rijiya, amin.